Mota ta ƙi tashi a sanyin Kanada: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara

Wanda ya koyi tuƙi a Kano ko Damagaram, sannan karatu ko neman abinci ya kai shi Winnipeg ko Edmonton a Kanada, zai tarar a watan Janairu cewa dabarun da ya sani na ta da mota ba sa aiki, wasu ma ɓarna suke yi. A waɗannan garuruwa sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wani lokaci ya zarce. Motar da ta kwana lafiya sai ta wayi gari ta ƙi motsi, kai kuma aiki na jira. A cikin wannan gaggawar ce ake yin yawancin kurakuran.

Babban cikinsu shi ne a murɗa makulli a riƙe, a saki, a sake murɗawa, har batir ya ƙare ƙaf. Kada ka wuce daƙiƙa 10 a kowane gwaji, kuma ka jira kamar minti ɗaya kafin ka sake, don kik ya huce. Kafin ka fara, kashe fitilu da rediyo da hita da abin ɗumama kujera, duk wutar batir suke ci. Sannan ka kasa kunne, domin ƙarar motar ce za ta faɗa maka inda ciwon yake. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun gaban direba suna lumshewa, batir ne ya yi rauni ko kawunansa sun saki. In injin yana juyawa a hankali da nishi, batir ne ko baƙin mai ya yi kauri. In kuwa yana juyawa garau amma ya ƙi kamawa, to ka bar batir ya huta, matsalar tana wajen mai ko fulogi.

A kan batir ya kamata mu daɗe, don shi ne sanadin mafi yawan wannan wahala. Sanyi yana rage masa ƙarfi, a digiri 18 ƙasa da sifili yakan rasa kusan rabi, a daidai lokacin da injin ke buƙatar ƙarfi fiye da kullum. Shi ya sa ake rubuta lambar CCA a jikinsa: wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a wannan sanyin. Mai sayen batir a can ya dubi wannan lamba ya gwada da abin da littafin motarsa ya nema, kada araha ta ja shi. Batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6 idan mota a kashe take. In ya sauka ƙasa da 12, babu abin kirki a cikinsa. Wanda ya shekara 4 ko 5 kuwa, a kai shi a gwada tun a Oktoba.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma yana da haɗari ƙwarai: batirin da cajinsa ya ƙare yana iya daskarewa ko da sanyin bai wuce digiri 10 ƙasa da sifili ba, alhali mai cikakken caji yana jure fiye da 50. Idan ka buɗe bonet ka ga gefensa ya kumbura ko ya tsage, kada ka haɗa masa waya, kada ka sa shi a caji. Yana iya fashewa ya watsa maka ruwan batir a fuska. In ya tsage, ya tashi daga aiki. In bai tsage ba, a cire shi a kai wuri mai ɗumi ya narke, sannan a gwada.

In batirin lafiyarsa lau, caji ne kawai babu, sai a ja wuta daga wata motar, amma a bi tsari. Jar waya a kan mai alamar ƙari na mataccen batir, ɗaya bakin a kan mai alamar ƙari na mai rai. Baƙar waya a kan mai alamar ragi na mai rai, bakinta na ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, saboda tartsatsi. A bar mai rai tana aiki minti 5 kafin a gwada. Bayan ta tashi, kada ka je kanti ka dawo ka kashe. Yi tafiyar rabin awa aƙalla, mafi kyau ma a sa batirin a caji ya cika. Gajerun tafiye-tafiye da hita a kunne su ke cinye shi a hankali har ya kai ga haka.

Turi, wanda muka saba da shi a gida, ba ya ta da mota mai giya otomatik, kuma tura mota a kan ƙanƙara neman karaya ne. Haka bubbuga totur kafin a murɗa makulli: dabarar motocin kafireta ce, motar zamani kwamfutarta ce ke auna mai da kanta. In ka yi ta gwadawa har ka ji warin fetur, fulogi sun jiƙe. A yawancin motoci, taka totur har ƙasa ka riƙe yayin da kake murɗa makulli yana tsayar da mai har injin ya bushe.

Sai baƙin mai. Kamar yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu, haka yake yin kauri a cikin inji. Lambar da ke zuwa kafin harafin W a jikin galan ɗinsa ita ke nuna juriyarsa: ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 5W a 30, 0W kuma a 35. Don haka 20W-50 da makanikai da yawa ke zubawa a gida ba shi da wuri a can. Bi abin da aka rubuta a murfin mai ko a littafin mota. Kuma don Allah kada ka cika lagireto da ruwa zalla. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ya fasa lagireto ko jikin injin kansa. Ruwan lagireto na musamman da aka gauraya rabi da rabi yana kāre mota har kusan digiri 37 ƙasa da sifili.

Wayar nan mai fulogi da ke leƙowa ta hancin mota, wadda akan gani har a wasu motocin da aka shigo da su Najeriya daga Kanada, ta hitar inji ce. Baƙi da yawa sukan yi hunturu guda ba su san amfaninta ba. In sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili, a jona ta da wutar gida awa 3 ko 4 kafin fita. Abin da ya sa ake ganin soket a wuraren ajiye motoci na Winnipeg ke nan.

Mai motar dizal ya jira fitilar ɗumama inji ta mutu kafin ya murɗa, kuma ya sha man da ake sayarwa don hunturu, domin na bazara yana yin kakin da ke toshe filta.

Idan Allah ya sa ta tashi, kada ka zauna a ciki kana jiran ɗumi sai ka zaga baya ka share dusar ƙanƙarar da ta rufe bakin salansa. In ya toshe, hayaƙin yana komawa cikin mota, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi. A Janairun 2016 ta kashe wata uwa da ƙananan 'ya'yanta a garin Passaic na jihar New Jersey a Amurka, suna zaune a mota mahaifin yana haƙe ta daga dusar ƙanƙara. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a ɗumama mota a cikin gareji, ko da ƙofarsa a buɗe take. Ka fito da ita waje, kuma yara su jira a cikin gida har ka gama share bayanta.