Yadda ake gane iska ta kwanta kafin a yi feshi

Da rana ƙasa ce ke dumama iskar da ke kanta, iskar ta tashi tana gauraya har tsawon kilomita 1 zuwa 2. Rana na yin sanyi sai lamarin ya juya: ƙasa ta riga iska hucewa, iska mai sanyi ta kwanta, mai ɗumi ta rufe ta daga sama. Shi ya sa hayaƙin girki ke shimfiɗewa a kan gari da magariba lokacin hunturu. Maganin feshi ma haka yake yi, ƙananan ɗigonsa su rataye, su lallaɓa zuwa gonar maƙwabci.

Nemi ma'aunin zafi guda 2 iri ɗaya, masu nuna har 0.1 na digiri, da sanda mai tsawon mita 3. Kafin komai ajiye su gefe da gefe a inuwa na minti 15, ka rubuta bambancinsu. Masu arha sukan saɓa da rabin digiri ko fiye, kuma bambancin da kake nema tsakanin iskar sama da ta ƙasa ba ya wuce digiri kaɗan.

Wurin da masu koyo ke faɗuwa shi ne rumfar ma'aunin. Wanda aka bari tsirara da dare yana fuskantar sararin sama, zafinsa na fita, sai ya nuna sanyin da iskar ba ta kai ba. Da hantsi kuma rana ta gasa shi. Karatun jikin ma'aunin ke nan, ba na iska ba. Don yin rumfar, jera fararen farantan roba 4 ko 5 a kife, tsakaninsu faɗin yatsa, ka huda tsakiyar na ƙasa, ma'aunin ya zauna ciki ba ya taɓa komai. Fari kawai. Gwangwani ko kwalba mai murfi ɓata lokaci ne, don iska ba ta ratsawa.

Ɗaura ma'auni ɗaya a santimita 30 daga ƙasa, ɗayan a saman sandar. Kafa ta a fili, nesa da katanga, bishiya da rufin kwano, a ɓangaren gonar da ya fi gangara, domin iska mai sanyi kwari take bi.

Jira minti 10, ka karanta, ka cire bambancin farko. In na sama ya fi zafi, iska ta kwanta, ajiye injin feshi. Kwanciyar iskar ta fi ƙarfi gab da fitowar rana a daren da ba gajimare ba iska, takan kuma warware awa 1 zuwa 2 bayan rana ta fito. Sake aunawa a lokacin.