Yadda za ka gano makahon gurbi a idonka

Masu karatu sun yawaita tambayar yadda ake gano gurbin da ba ya gani, wato inda jijiyar gani ke fita daga bayan ido. Ga matakan.

1. Ka zana ƙaramin tauraro a hagun farar takarda.
2. Ka sa baƙin ɗigo a damansa, tazarar santimita 8.
3. Ka rufe idon hagu da tafin hannu.
4. Ka riƙe takardar iya tsawon hannunka.
5. Ka kafa idon dama a kan tauraron. Hattara, a nan aka fi kuskure, domin ido yakan so leƙen ɗigon, kuma da zarar ya karkata gare shi gwajin ya ɓaci.
6. Ka matso da takardar sannu a hankali har ɗigon ya ɓace, wajen santimita 30 daga fuskarka.