Shawara ga Masu Niyyar Ziyartar Ƙauyen Giverny

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ke Paris kuma yake son ganin karkarar Faransa, ina ba shi shawara ya ware yini guda domin Giverny, ƙaramin ƙauye a yankin Normandi, kusa da mahaɗar kogin Epte da kogin Seine, mai mazauna kusan 500. Jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare yana sauke mutum a Vernon, daga nan kuma tafiyar kilomita 5 ce a bas ko a keke.

Abin da ke jan baƙi shi ne gidan mai zane Claude Monet, wanda ya zauna a nan daga 1883 har rasuwarsa a 1926, musamman tafkin da furen bado ya lulluɓe da koriyar gadarsa irin ta Japan. A sayi tikiti ta intanet, a isa da sassafe kafin cunkoso, kuma a lura cewa ana rufe lambun lokacin hunturu, sai wajen Afrilu ake buɗewa. Kabarin Monet yana harabar cocin Sainte-Radegonde. Ya kamata a riƙe guzuri, domin shagunan ƙauyen kaɗan ne.