Kalmar "glom" da inda ta dace

Ɗaliban Gombe masu shirin jarrabawar WAEC, ƙanena a Jekadafari ya ci karo da kalmar "glom" a wani labarin Amurka, har ya zaci kuskuren bugu ne. Aikatau ce da ta samo asali daga "glaum" ta mutanen Sikotilan, kuma ma'anarta cafkewa, kamar yadda yaro kan damƙe gefen zanen uwarsa a cunkoson kasuwa ya ƙi saki. Galibi "onto" ke biye da ita, har ga wanda ya liƙe wa wani ra'ayi. Sai dai maganar titi ce, don haka a takardar jarrabawa ku rubuta "seize" ko "grasp", domin ba lallai mai maki ya san ta ba. Idan aikin ya wuce, ana ninka harafin ƙarshe: "glommed".