In yaro ya sauya makaranta a Amurka, kada kunya ta sa a yanke masa tallafi

Ranar Asabar muna shan iska a tsakar gida nan Tudun Wada, Gombe, sai ga kiran ƙanwata daga Amurka. Sun tashi daga Niyok sun koma jihar Ohayo, maigidanta ya samu aikin tuƙin babbar mota. Ɗanta na fari bakinsa bai buɗe da wuri ba, tun yana shekara 4 malamar koyar da magana take zama da shi sau biyu a mako. Ta ce, "Yaya, Babansu ya ce tunda sabuwar makaranta ce mu ja bakinmu, kar a sake liƙa wa yaro suna."

Ban ga laifinsa ba. A nan gida da an ce yaro na ajin masu buƙata ta musamman, sai ki ji ana ta "Allah sarki" kamar an yi rashi. Amma na yi shekaru a can da nawa ɗan, don haka ku masu shirin tafiya ku saurara.

Dokar tarayya mai suna IDEA ta ba irin waɗannan yara haƙƙin tallafi kyauta a makarantar gwamnati tun daga shekara 3. Duk abin da za a yi wa yaro yana cikin wata takarda da suke kira IEP, kuma sauya makaranta ba ya kashe ta. In ana tsakiyar shekarar karatu kuka tashi, dole sabuwar makaranta ta ci gaba da makamancin tallafin har a tsayar da sabon shiri. In wata jiha ce, suna iya sake gwada shi tukuna. Shirun ma ba ya ɓoye komai, za su nemi fayil ɗinsa daga tsohuwar makaranta. Ba su kuma da ikon cewa ya daina buƙata sai sun gwada shi, sun sanar da ku a rubuce.

Inda na fi jin tsoro shi ne sa hannun iyaye. Wasiƙa ɗaya ta janye amincewa ta isa komai ya tsaya, malamar magana da ƙarin lokacin jarrabawa duka. In bayan wata uku kika ga yaro ya dawo gida yana kuka da littafi a hannu, sai an faro daga tushe, gwajin kaɗai na iya cin kwana 60. Wata biyu ke nan yana zaune a aji ba mai riƙe masa hannu.

Masu son kai yara Islamiyya mai zaman kanta, niyya ce mai kyau, sai dai haƙƙin ba ya bin yaro can cikakke. Ku tambayi ofishin ilimi na gundumarku me zai samu kafin ku biya kuɗin makaranta. A zaman tattauna shirin kuma ki nemi tafinta, su za su kawo, ba kwabonki.

Ƙanwata ta ce takardar na cikin wani akwati da ba su kwance ba tukuna. Na ce ta nemo ta a daren nan, Litinin ta kai ofishin makaranta da hannunta, ni kuma zan kira maigidan bayan isha'i.