Yadda ake kula da tsohuwar mota a Maraɗi kafin ta tsaya da kai a hanya

Akasarin motocin da ke yawo a Maraɗi sun riga sun sha tafiya a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome, sannan suka zo nan suka ɗora daga inda suka tsaya. Dubi Corolla da Starlet, dubi Hiace ta haya, dubi Mercedes 190 da Peugeot 504 da har gobe ke dakon kaya zuwa kasuwannin ƙauye. Don mota ta haura kilomita 250,000 ba ajalinta ne ya zo ba. Abin da ke kwantar da ita a ƙasar nan ƙura ce da zafi, kuma duka biyun ana tare su da kuɗin da bai kama ƙafar na sauke inji ba.

Fara da sayen ɗan littafi ka ajiye a cikin motar. Mitar kilomita ta motar da aka shigo da ita ba abar dogaro ba ce, ana iya mayar da ita baya, kuma ba ka san yadda mai ita na farko ya riƙe ta ba. Saboda haka ka ɗauka ba a taɓa canja mata komai ba. Ka canja baƙin mai, man giya, man birki, ruwan radiyata da filtoci duka, ka rubuta ranar da abin da mita ta nuna. Daga nan lissafinka ya fara.

Baƙin mai shi ne na gaba. Tazarar canjin mai da ake rubutawa don titunan Turai ba tamu ba ce. A nan, kowane kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa, a yi bidanj, wato a juye tsohon mai a zuba sabo, kuma a canja filtar mai tare da shi a kowane karo. Filtar da aka bari tana riƙe da dattin tsohon mai, tana mayar da shi cikin sabo. Tsofaffin injuna sun fi jituwa da mai mai kauri irin 15W-40 ko 20W-50, amma ka duba abin da kamfanin motar ya ce, musamman idan injin na zamani ne. Ka sayi man da ke cikin galan a rufe, a buɗe shi a gabanka. Na awo daga duro ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, kuma araha ba ta ado. Sau ɗaya a mako, da safe kafin ka tada inji, motar na tsaye a wuri daidai, zaro sandar awon mai ka goge, ka mayar, ka sake zarowa ka duba. Tsohon inji yana shan mai a hankali, kuma idan ka jira sai jar fitila ta kama, ɓarnar ta riga ta fara. Buɗe murfin zuba mai ma ka leƙa. Idan ka ga kumfa fari-fari mai kauri, ruwa ne ke shiga mai, kai ta gareji a ranar.

Filtar iska ita ce ke tsakanin injinka da ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ko kuma idan kana yawan bin hanyoyin burji na ƙauyukan Dakoro da Mayahi, ka riƙa buɗe ta duk mako biyu. Ka kakkaɓe ta a hankali, ka ɗaga ta saitin rana. Idan haske ba ya ratsawa, ko ka ga ƙaramar huda, ta gama aiki. Kada ka bari a hura mata iska mai ƙarfi daga injin faci, takardar tana yagewa ba tare da ido ya gani ba, daga nan yashi ya samu ƙofa kai tsaye zuwa fistin. Ka kuma bi robar da ta taso daga akwatin filtar zuwa inji da hannunka, domin tsagewa ɗaya a jikinta ta isa ta mayar da sabuwar filta aikin banza.

Yanzu sai ruwa, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya tsaya ya natsu, don a nan muke asarar injuna a bazara. A Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40, mota ɗauke da kaya da fasinja tana aiki a bakin ƙarfinta. Ruwan rijiya ko na famfo da muke ɗurawa a radiyata yana barin farin gishiri da tsatsa a cikin ƴan siraran bututunta, shekara kan shekara har su toshe. A wanke radiyata a zuba ruwan sanyaya inji na galan, a sabunta shi duk shekara 2. Idan zai buƙaci sirki, a sirka da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba. Murfin radiyata ƙaramin abu ne amma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Idan robarsa ta bushe ko ta tsage, sayi sabo. Sannan ka matsa manyan robobin ruwa biyu inji na sanyi: wadda ta kumbura, ko ta yi laushi fiye da kima, ko ta sandare, a cire ta tun ba ta fashe ba.

Da yawan makanikai da zarar mota ta fara zafi sai su cire tamosta su jefar, su ce ai wannan na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da wannan ba. Tamosta ce ke tsayar da inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 82 zuwa 90. Babu ita, da safiyar hunturu inji zai daɗe yana aiki a sanyi, yana ƙara shan mai yana cin jikinsa. A wasu injunan kuma ita ce ke rufe gajeriyar hanyar ruwa, in an cire ta wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye bai bi ta radiyata ba. Gwada ta abu ne mai sauƙi: a saka ta a tukunyar ruwa a kan wuta, mai lafiya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa. In ba ta buɗe ba a sa sabuwa, a kuma bincika fanka da famfon ruwa, wato ainihin inda ciwon yake. Idan kuwa allurar zafin inji ta hau ja kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe inji. Kada ka buɗe murfi da zafi, tururin yana saɓule fata, kuma kada ka kwarara ruwan sanyi a injin da ya ɗau zafi. Tafiyar minti biyar a ja tana iya ƙona gaskit ta lanƙwasa kan inji.

Tambayi makanikenka ko injinka na bel ne ko na sarƙa, wato abin da ke daidaita motsin bawul da na fistin a cikin inji. Corolla ta shekarun 1990 da Hiace mai gazuwal irin 3L da 5L bel gare su, yayin da Corolla mai injin da aka rubuta wa VVT-i da 504 mai fetur sarƙa ce. Bel ɗin ba ya gargaɗi kafin ya tsinke, kuma a injin gazuwal tsinkewarsa na nufin fistin ya daki bawul. Gwargwadon irin motar, ana canja shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, ko bayan shekara 5 ko da bai kai ba, domin zafi na busar da roba. In ba ka san ranar da aka sa na ciki ba, canja shi, tare da abin ɗaure shi da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi. Kuma ka ce, “Maigida, don Allah a ajiye mini tsohon in gani.” Makanike na gari ba ya jin haushin wannan.

Fetur na kwalba a bakin titi yakan zo da ƙura da ruwa. In dole ta sa ka saya, a tace da kyalle mai tsabta, ka kuma yawaita canjin filtar fetur. Kada ka saba yawo da tanki a ƙasa, famfon da ke cikin tanki da man yake sanyaya kansa.

Man birki yana tsotsar laima daga iska, a sabunta shi duk shekara 2, kuma idan yana raguwa a nemo inda yake yoyo maimakon a yi ta ƙari. Taya kuwa ka karanta shekarunta: a gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara 6 a riƙa sa mata ido, wadda ta kai 10 a rabu da ita komai kyawun zanenta, don kwalta mai zafi ba ta raga wa tsohuwar roba. Auna iska da safe tayar na sanyi, har da safaya. Bayan kowace damina a ɗaga motar a duba robobin kardan, wato sandar da ke juya taya, da na sitiyari, wadda ta yage yashi zai shiga ya haɗu da giris ya cinye ƙarfen. Batir kuma a goge kawunansa, a ƙara masa tataccen ruwa idan mai buɗewa ne.

Hayaƙin salansa yana faɗa maka abin da ke ciki: shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ko gazuwal ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama ruwa ne.

Idan tafiya ce mai nisa, Yamai da ke sama da kilomita 600, ko Damagaram, ko Katsina ta Ɗan Isa, kai motar gareji kwana biyu ko uku kafin ranar, ba da jajibere ba, don ka samu damar yawo da ita cikin gari ka ga ko gyaran ya zauna. Ka sa fanbel na ajiya a but, da litar baƙin mai, jarkar ruwa, fiyus, jak da sifanar taya, kuma a bazara ka kama hanya tun da asuba.