Yadda na hana motata mai rimot tsalle

Ƙaramar motata mai rimot, sikelin 1/10 (wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske), ta ba ni wahala a filin da muke wasa a Gusau. Da ta hau tsakuwa sai tsalle, a kwana kuma bayanta ya zame. Na fara sassauta zoben da ke danne sifirin, ashe tsayin motar kawai yake canzawa, taurin yana nan.

Sifirin da ta zo da shi na kwalta ne, ya yi wa ƙasarmu tauri. Na sa mai laushi a baya, na bar na gaba, tunda bayan ne ke zamewa. Sai ta koma lilo, na zuba wa shokozoba wani mai da ya ɗan fi kauri. Yanzu ko a kan burji tayoyin ba sa barin ƙasa.